Kafin Ka Zargi Matacin Sauti, Duba Inda Ka Jona Shi

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu taɓa na'ura a wajenmu. Da zarar abu ya ƙi aiki, sai a nemi ɓangaren da ya fi tsada, ko wanda aka saka a baya-bayan nan, a ɗora masa laifi. Waya ta ƙi caji, a ce ayisin caji ne, a cire shi. Tana kashe kanta, a ce a yi mata fulashin. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma kuɗi su tafi, matsala tana nan daram. Masu rubuta manhaja ma haka suke yi: da sun ƙara sabon kundi a cikin aikinsu abu ya tsaya, sai su goge shi su nemo wani, ba tare da sun duba abin da suka tura masa ba.

Zan ɗauko misali daga wani fage da yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa leƙawa ba, wato rediyon 'yan sha'awa, wanda aka fi sani da rediyon ham. Ra'ayina shi ne, idan ka ƙara matacin sauti a rediyon da ka haɗa da hannunka ya ƙi yin abin da ka zata, galibi matacin lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana mahaɗa, inda sabon allo ya gamu da tsoho. Kuma wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta isa ta nuna maka wurin, in dai ka yarda ka auna kafin ka ɗauki abin solda.

'Yan ham mutane ne da ke magana da juna ta iska, daga ƙasa zuwa ƙasa, ba data ba layin waya, da na'urar da ke aikawa kuma take karɓa, kamar oba-oba amma a gajeren zango. Da yawansu ba sa sayen na'urar a kammale, sai su sayi kayan haɗi su gina da kansu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne uBITX, wanda Ashhar Farhan na birnin Haidarabad a Indiya ya zana, ya fito a ƙarshen 2017. Yana aiki daga 3 zuwa 30 MHz, ƙarfinsa ya kai wajen wat 10 a ƙananan zanguna, kuma ƙwaƙwalwarsa Arduino Nano ce. A lokacin da ya fito, allon yana zuwa a haɗe, mai saye ne ke jona wayoyi da maɓallai da soket, ya nema masa akwati.

To ina matacin sauti ya shigo? An yi ƙofar da sauti ke bi a wannan rediyo ne don muryar mutum, faɗinta ya haura 2,000 Hz. Amma saƙon Mos, wato ɗigo da ja da ake bugawa da makulli, sauti ɗaya ne siriri, faɗin 200 Hz ya ishe shi har da saura. Idan ka saurari Mos ta ƙofar murya, tasha huɗu ko biyar za su iya faɗo maka a kunne lokaci guda, kowacce da irin fitonta, ga kuma shuuu na sararin sama. Kamar ka tsaya tsakiyar kasuwa kana son jin mutum ɗaya. Matacin sauti ƙaramin allo ne da ke barin siririn yanki ya wuce, ya danne saura. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan ka matse ƙofa daga 2,400 Hz zuwa 200 Hz, hayaniyar da ke shigowa ta ragu ninki 12, wajen 11 dB ke nan. Tashar da ta nutse a cikin shuuu sai ta taso.

Wani matacin da ya shahara shi ne Hi-Per-Mite, na David Cripe, wanda ƙungiyar Four State QRP ta Amurka ta fitar a matsayin kayan haɗi. Faɗinsa 200 Hz, tsakiyarsa 700 Hz. Tsarinsa ne ma Hans Summers ya ɗauka ya saka a cikin QCX, rediyon Mos da kamfaninsa QRP Labs ya fitar a 2017. Ka riƙe wannan lamba ta 700, don ita ce matsala ta farko da nake son mu tsaya a kai.

Mutum ya gama haɗa mataci, ya jona, ya kunna. Shuuu ya ragu, alhamdu lillahi, amma tashar da yake ji ras kafin ya kunna matacin ta dushe. Nan take sai ya yanke hukunci: ayisin jabu ne. Alhali manhajar asali ta uBITX tana zuwa ne da sautin Mos a 800 Hz. Matacin da tsakiyarsa 700, faɗinsa 200, yana buɗe ne daga wajen 600 zuwa 800. Ke nan kunnen da ya saba daidaita tasha a 800 yana ajiye ta daidai bakin ƙofa, inda ta fara rufewa. Babu abin da ya ƙone. Na'urori biyu ne, kowacce lafiya lau, ba su dai yi yarjejeniya a kan lamba ɗaya ba. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan: ɓangare ɗaya yana aiko lokaci a daƙiƙa, ɗayan yana jiran sa a ɗaya bisa dubun daƙiƙa, kowanne ya ci jarrabawarsa shi kaɗai, haɗuwarsu ce bala'i.

Kuma abin bai tsaya a kunnenka ba. Rediyon yana amfani da wannan lamba wajen lissafa inda zai aika saƙonka. Idan ka murza har tashar ta yi ƙarfi a 700 yayin da manhaja ke lissafi da 800, amsarka za ta sauka 100 Hz gefe da inda wancan mutumin yake. In shi ma matsattsen mataci gare shi, sai ka yi ta kira yana ta shiru, ka koma zargin eriya ko yanayin sama. Maganin duk wannan yana cikin jerin saitin rediyon: ka mayar da sautin Mos 700. Ba dalma, ba sisin kwabo. Ka kwatanta da wanda ya cire ayisi mai ƙafa 14 daga allo, ya ɓare layukan tagulla garin cirewa, ya biya da dala, ya zauna makonni yana jiran sabo ya iso daga ƙetare, ya saka, ya tarar da matsalar tana jiran sa.

Wayarka ce kayan awo

A da, wanda zai gwada mataci sai ya mallaki na'urar fitar da sauti da kuma na'urar kallon siginar lantarki, kuɗinsu ya ninka na rediyon. Yau akwai manhajojin fitar da sauti kyauta a Play Store, ka rubuta 700 su ba ka 700 Hz cif. Akwai kuma masu zana maka hoton sautin da makirufon waya ya ji, irin su Spectroid. Waya biyu, taka da ta abokinka, sun zama ɗakin gwaji.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. Ka raba matacin da rediyon gaba ɗaya, ka ba shi wuta daga batir. Ka yanke tsohuwar wayar iyafis, ka ɗauko sauti daga wayarka ta cikin kafasita zuwa mashigar matacin, ka rage ƙarar wayar ƙasa sosai. Ka fara daga 300 Hz kana hawa a hankali zuwa 1,500. Lafiyayyen mataci zai yi shiru-shiru, ya taso wajen 600, ya cika a 700, ya sake faɗuwa bayan 800. Idan ka ga wannan tudu, ka wanke matacin daga zargi, kada ka sake taɓa shi da abin solda. Rabin wurin bincike ya tafi a gwaji ɗaya. Dabarar git bisect ke nan a wajen masu manhaja: ka raba gida biyu, ka gano ɓangaren da ɓarnar take, ka sake rabawa. Wanda ke canza kaya ɗaya bayan ɗaya da fatan dacewa caca yake yi.

Hattara biyu. Kada wayar tana kan caji lokacin gwajin, domin caja na da tata hayaniyar da za ta biyo waya ta rikita maka sakamako. Sannan makirufon waya yana da dabarar rage hayaniya da daidaita ƙara da kansa, saboda haka kada ka ɗauki lambobin da ka gani a matsayin awo na ƙarshe. Siffar tudun kake nema da inda ƙololuwarsa take, wannan kuwa waya tana nuna shi sarai. Bayan ka mayar da matacin cikin rediyo ma ba ka buƙatar waya ta biyu: shuuu ɗin da eriya ke kawowa ya ƙunshi kowane sauti, ka kanga waya kusa da lasifika kawai, siffar matacin za ta zanu a fuskarta.

Idan kuwa tudun bai fito ba, ko ya fito a wani wuri can daban, to yanzu ne ka sami hujjar duba allon. Ko a nan ɗin, ayisi ne na ƙarshe a jerin waɗanda nake tuhuma. Ka fara da multimita. Irin waɗannan matatai da ke cin wuta daga batir ɗaya sukan ɗaga siginar zuwa wajen rabin wutar, don ta sami filin hawa da sauka. Takardar bayanin allon za ta faɗa maka abin da ya kamata ka gani. In ta ce rabi, to a kan 12V ka sa ran wajen 6V a mafitar kowane mataki. Matakin da ya nuna sifili ko ya manne a sama, nan za ka sa ido: dalma da ta haɗe ƙafa biyu, ƙafar da ba ta kama ba, ayisin da aka juya kansa.

Sai kafasita. Ƙananan kafasita ba sa rubuta ƙimarsu ɓaro-ɓaro, lamba uku suke ɗauke da ita. 103 na nufin 10 nF, 104 na nufin 100 nF. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, bambancinsu ninki goma. Ka musanya su a cikin hasken tocila da dare, tsakiyar wannan mataki ta ƙaura zuwa inda ba ka zata ba. Haka rasista masu zobe biyar, ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo suna rikita ido. Ka auna kowace da mita kafin ka lanƙwasa ƙafarta. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu fiye da mai zama a Turai. Kafasitan yumɓu masu araha, nau'in da ake kira Y5V, ƙa'idarsu ta yarda ƙimarsu ta faɗi da kashi 82 cikin ɗari a iyakar zafin da aka ƙayyade musu. A wajen tace wutar batir wannan ba komai ba ne. A cikin mataci, inda ƙimar kafasita ce ke yanke inda ƙofa take, akwatin ƙarfe da ya sha ranar watan Afrilu a Sakkwato zai iya gusar da tsakiyar matacinka tsakanin safe da azahar. In ɗaya ta ɓace daga kayan haɗin, ka maye ta da ta leda ko nau'in C0G, kada ka ciro ko wacce daga mataccen allon talabijin.

Kowace ƙara da adireshinta

Yanzu a ce mataci ya ci gwaji shi kaɗai, amma da ka mayar da shi rediyo sai wata ƙara ta ɓullo. Abin da ya sa nake son wannan fage ke nan: kowace ƙara tana faɗa maka ta inda ta shigo, in ka tsaya ka yi tunani.

Ɗauki gurnanin wutar lantarki, huuum ɗin nan na 50 Hz. Matacin da ke buɗe daga 600 zuwa 800 ba zai bar 50 ta wuce ba. Don haka idan kana jin gurnani mai kauri bayan ka kunna shi, ba ta gabansa ya shigo ba, ta bayansa ne: wayar da ta tashi daga mataci zuwa abin murza ƙara, ko layin ƙasa, wato giraun. Galibi an jona giraun a wurare biyu masu nisa, ya zama zobe, zoben ya zama tarko. Ka mayar da su duka wuri ɗaya, ka yi amfani da waya mai sulke, gajeriya. Kuma kafin komai ka ɗora rediyon a kan batir, ka kashe inbata da cajojin da ke ɗakin. In ƙarar ta tafi, ba allonka ne mai laifi ba.

Akwai fut-fut-fut kamar ƙaramin janareta da mai ya kusa ƙare masa, wanda ke tasowa idan ka ƙara murya. Wannan yawanci ta layin wuta yake zagayowa. Ayisin da ke tura lasifika yana fizgar wuta, wutar ta ɗan faɗi, matacin da ke sha daga layi ɗaya ya ji faɗuwar a matsayin sauti, ya ƙara mata ƙarfi, ya mayar wa ayisin lasifika, abu ya zama zagaye. Rasista mai om 100 a kan layin wutar matacin, da kafasita mai 100 µF daga nan zuwa ƙasa, sukan yanke zagayen. Yawan ƙarfi ma yana haifar da shi. Ayisin LM386 da ke cikin ƙananan rediyo da yawa yana ninka sauti sau 20, in an saka kafasita tsakanin ƙafarsa ta 1 da ta 8 ya koma sau 200. Ka jera mataci mai nasa ƙarin ƙarfi a gaban wannan, ka tara abin da ya fi ƙarfin allon. Shi ya sa wurin jonawa ke da muhimmanci: tsakanin matakin farko na sauti da abin murza ƙara sigina ƙarama ce, mataci mara ƙari ya dace da nan. A mafitar lasifika kuwa sigina babba ce, za ta iya cika matacin har sauti ya fashe, kuma matacin da ba shi da nasa ayisin lasifika ba zai iya tura lasifika mai om 8 ba. In kuma abin murza ƙara ya fara ƙarar-ƙarar duk lokacin da ka taɓa shi, duba ko ka manta kafasitar da ke hana wutar matacin zubowa cikinsa.

Ƙananan tik-tik da ke fitowa idan kana murza mita, waɗannan na Arduino ne da wayoyin fuskar rediyo. Ka nisanta wayar sauti da su.

Ta ƙarshe ita ce wadda ta fi tsorata mutane: komai lafiya a sauraro, da ka danna makulli don aikawa sai kunne ya cika da ƙuwwa ko ƙara mai kaushi. Ka san wannan abin, ko da ba ka taɓa ganin rediyon ham ba. Ka tuna dit-dirit-dirit da lasifika ke yi idan kira na shirin shigowa wayar da ke kusa da ita? Wayar GSM tana aikawa ne a guntu-guntu, sau 217 a daƙiƙa, wayoyin lasifikar su zama eriya, transistocin ciki su mayar da abin da suka kama sauti. Haka wat 10 na rediyonka ke yi wa dogayen wayoyin da ka ja zuwa mataci. Gwajin shi ne ka cire eriya ka saka rasista mai om 50 da za ta iya shanye ƙarfin, irin wadda 'yan ham ke ajiyewa don gwaji. In ƙarar ta ɓace, daga eriya ko kebul ɗinta take dawowa ɗaki. In tana nan, a cikin akwati take, sai a gajarta wayoyi, a sa ƙananan kafasita daga mashiga da layin wuta zuwa ƙasa. Kada dai ka danna makulli babu eriya babu wannan rasista, transistocin aikawa ne za su biya.

Wasu abubuwan kuma ba ciwo ba ne, ɗabi'ar abin ce, kuma a nan nake ganin ana zaluntar mataci ƙwarai. Duk matsattsen mataci yana da ɗan amsa-kuwwa, kamar ka buga ƙwarya. Gwargwadon matsinsa, gwargwadon jinkirinsa: na 200 Hz yana ɗaukar wajen 5 cikin dubun daƙiƙa kafin ya daidaita, ɗigon Mos kuwa a gudun kalma 20 a minti tsawonsa 60 cikin dubu ne, don haka ba damuwa. Ka matse zuwa 50 Hz, ɗigo su fara narkewa cikin juna. Sannan matacin sauti a ƙarshen layi yake zaune. In wata ƙatuwar tasha a gefe ta riga ta cika matakan farko na rediyon, ɓarnar ta auku kafin ta iso gare shi. A ƙananan rediyo irin Pixie, masu jin tashar da ke sama da mitarsu da wadda ke ƙasa a lokaci guda, tasha biyu za su iya fitowa duka a 700 Hz, kuma babu matacin sautin da zai raba su, ko nawa ka saye shi.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma da manhaja nake cin abinci: me ya kawo wahalar dalma, alhali manhaja za ta tace sautin fiye da haka? Gaskiya ne, ba na musu. Manhajar fldigi a kwamfuta tana tace Mos har ta rubuta maka shi, kuma matacin lissafi yana iya yin gefe mai kaifin da ayisi huɗu ba za su yi ba, ga shi ka canza faɗinsa da yatsa. Amma ka lura, sai ka kai sautin cikin kwamfutar ko wayar tukuna. Da wace waya? A wane ƙarfi? Giraun ɗin wa za a bi? Caja tana jone? Duk tambayoyin da na lissafa a sama suna nan suna jiran ka a bakin soket, har da ƙarin jinkirin da lissafi ke kawowa, wanda ke rikita hannun mai buga Mos idan yana sauraron kansa ta cikinsa. Manhaja ta ɗauke maka haɗa matacin, ba ta ɗauke maka jona shi ba.

Wanda yake son ya ji abin da nake faɗa da kunnensa ba sai ya sayi komai ba. Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan tana da rediyon gajeren zango a intanet, WebSDR, wanda kowa zai iya buɗewa a burauza. Ka je ƙasan zangon mita 40, daga 7,000 zuwa 7,040 kHz, da yamma ko da dare, inda masu Mos ke taruwa. Ka saurara da faɗin murya, sannan ka matse ƙofar, ka gusar da ita kaɗan ka ji yadda tasha ke dushewa a bakin ƙofa alhali ba abin da ya lalace. Aikawa kuwa sai da lasisi daga hukuma da alamar kira taka ta kanka. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U.